Shuka a Ƙarƙashin Gawo

 Ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ku da ke cikin garin Dutse, da na Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram, har duk inda wannan murya ta kai. Ina gaida iyayenmu mata da ke ɗora tukunya kafin a tafi sujada, da marasa lafiya da suka ajiye rediyo kusa da matashi, da direbobin da gari ya waye musu a kan hanya. Maƙwabtanmu Musulmi da suka saba kasa kunne a wannan fili, ku ma sannunku da zuwa. Zancen yau ba baƙo ba ne a wurinku, domin da mai zuwa majami'a da mai zuwa masallaci, babu wanda dare bai taɓa tsare shi da wannan tambaya ba: ya Allah, me ya sa?

Kwanakin baya na je gaisuwar mutuwa a wani gida da ke bayan gari. Yarinya ce 'yar shekara tara, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Maza muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, 'yan zumuntar mata suna ciki da zanensu iri ɗaya, suna rera waƙa ƙasa-ƙasa. Da muka shiga gaida mahaifiyar, kowa ya faɗi abin da aka saba faɗa. Allah ya ba da haƙuri. Allah ya ta'azantar da ku. Sai wani saurayi, mai himmar karatun Littafi, ya durƙusa ya ce, "Mama, Allah ya hango wani mugun abu ne a gabanta, shi ya sa ya ɗauke ta da wuri." Matar ta ɗaga kai, idanunta sun kaɗa sun yi ja, ta dube shi ba tare da fushi ba. Ta ce, "Ɗana, na yarda Allah ya san dalili. Amma kai ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Samu wuri ka zauna kawai."

Tun daga ranar maganar nan take yawo a kaina. Matar nan ta raba abu biyu da muke yawan cakuɗawa. Akwai yarda cewa Allah yana riƙe da ragamar komai, yana kuma yi wa nasa tanadi ta hanyoyin da ido ba ya gani. Akwai kuma ɗokin da ke kama mu na mu zama masu fassara wa Allah ayyukansa, kamar da mu aka yi shawara. Na farkon shi ne bangaskiya. Na biyun sau da yawa tsoro ne ya yi shigar bangaskiya, domin shiru yana ba mu tsoro, kuma "ban sani ba" tana yi wa bakin mai wa'azi nauyi. A kan wannan nake so mu yi taɗi yau.

Bari mu fara daga gona, tunda mu mutanen gona ne. Duk wanda ya bi hanyar Dutse zuwa Kiyawa, ko ya ratsa gonakin Jahun a watan Agusta, ya ga wannan abin. Ƙasa ta yi kore shar, gero ya rufe mutum, kuka da ɗorawa da tsamiya duk sun cika da ganye. A tsakiyarsu ga wani babban itace tsaye tsirara, rassa fari fat, sai ka rantse ya mutu. Gawo ke nan. Ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, shi kuwa ya kaɗe ganyensa. Baƙon da bai san shi ba zai ce wa mai gona, "Malam, me kake jira da wannan busasshen itace? Kawo gatari." Mai gona sai dai ya yi murmushi. Ya san ganyen da ya zuba shi ne takin gonar. Ya san da gawo ya riƙe ganyensa da damina, da inuwarsa ta hana geron da ke ƙarƙashinsa sakewa. Ya san kuma idan kaka ta wuce, iskar hunturu ta busar da komai, sauran itatuwa suka yi zigidir, a lokacin ne gawo zai yi sabon ganye, ya ba dabbobi inuwa a tsakiyar bazara, ya zubo musu 'ya'yansa su ci. Saiwarsa ta yi nisa cikin ƙasa, tana shan ruwan da ba mu gani.

Ku lura da abu ɗaya. Manomin da ke shuka a gindin gawo bai jira sai an yi masa bayanin yadda saiwa ke aiki ba. Kakansa ya ga amfaninsa, ubansa ya gani, shi ma ya gani, sai ya amince. A watan da itacen ya fi kama da matacce, a watan ne yake yi wa gonar aiki mafi girma. Bahaushe ya ce wani hanin ga Allah baiwa ne, wani jinkirin kuma alheri. Gaskiya ne. Sai dai wanda ke tsaye a gona a watan Agusta ba ya ganin inuwar Afrilu. Tana nan tafe, amma ba ta zo ba tukuna, kuma ƙarya ne a ce masa ya riga ya sha ta.

Labarin Yusufu ɗan Yakubu, wanda ke cikin Littafin Farawa daga babi na 37 zuwa na 50, kowane yaro a makarantar Lahadi ya san shi. Mun san ƙarshensa, shi ya sa muke karanta shi da sauri. Mu ɗan rage gudu, mu ƙirga shekaru. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka jefa shi a rijiya, suka sayar da shi ga fatake a bakin azurfa 20. Ya yi bauta a gidan Fotifar a Masar. Aka yi masa ƙazafi, aka jefa shi kurkuku. Ya fassara wa mai shayar da Fir'auna mafarki, ya roƙe shi ya tuna da shi, mutumin ya fita ya manta da shi har shekara biyu cur. Sai da ya kai shekara 30 kafin ya tsaya a gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan tsakanin rijiya da fada. Aka yi shekara 7 na ƙoshi, yunwa ta shiga shekara ta biyu, sannan ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa. In ka haɗa, shekara 22. Duk tsawon wannan lokaci tsohon nan Yakubu yana can yana makokin ɗan da yake da rai, kuma babu mala'ikan da aka aiko ya raɗa masa gaskiyar magana.

A ƙarshe Yusufu ya shaida wa 'yan'uwansa cewa mugunta suka ƙulla, Allah kuwa ya juya ta ta zama hanyar ceton rayuka masu yawa. Abu na farko, wa ya faɗi wannan magana, kuma yaushe? Wanda aka zalunta ne ya faɗa da bakinsa, bayan ya ga ƙarshen al'amarin da idonsa. Da a ce ranar da yake cikin rijiya wani ya leƙo ya ce, "Yusufu, yi murna, wannan duk shiri ne," da wannan ba ta'aziyya ba ce, cin fuska ne. Abu na biyu, bai wanke 'yan'uwansa ba. Ya kira muguntarsu da sunanta kafin ya yafe. Abu na uku, wanda manoma za su fi ganewa, tanadin Allah bai sauko wa Masar daga sama cikin buhu ba. Rumbuna aka gina. Kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona aka riƙa tarawa shekara bakwai, ana awo, ana tsaro. Allah ya nuna abin da ke tafe, mutum ya ɗaura ɗamara.

Ba sai mun tafi Masar ba. Tarihin yadda bishara ta shigo ƙasar Hausa cike yake da irin wannan ƙulli. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar isa ƙasashenmu. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, kusa da Zariya, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ba tare da ko mutum ɗaya ya karɓi saƙonsu ba. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta SIM ta samu wurin zama a Patigi. Daga wannan tushe ne ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, wadda kuma yau take da majami'u a birane da ƙauyuka har nan Jigawa. A shekarar 1900 ɗin dai, ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar CMS ya isa Kano, Sarki Alu ya ce su fice. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Cikin waɗanda aka sallama a wannan tafiya akwai wani likita, Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a Zariya ya duƙufa kan harshen Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda kakanninmu suka koyi karatu da shi, guminsa na ciki.

Ga wani labarin da ya fi kusa da mu. A shekarun 1860 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga girmama Annabi Isa ta hanyar da hukumar zamanin ba ta amince da ita ba, har aka yanke masa hukuncin kisa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, nan bayan Gwaram da Birnin Kudu. Aka yi shekara kusan hamsin. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Miller a Zariya, suka ji bishara, da yawansu suka karɓa, suka kafa ƙauyensu a Gimi, da majami'a da makaranta. In da tatsuniya ce, a nan za a ce ƙurunƙus. Amma cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya faɗa wa Gimi ya yi mata kaca-kaca. Waɗanda suka tsira suka tashi, ƙarshe suka tare a Wusasa. Daga zuriyar mutanen nan aka samu Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, wanda kuma ya riƙe ministan harkokin waje daga 1979.

Mu da muke kallo daga nesa, zaren ya fito mana sarai. Amma ina roƙonku, kada daɗin labari ya sa mu manta da waɗanda ke cikinsa. Gowans bai ga majami'a ko ɗaya ba, zazzaɓi da kaɗaici ya gani. Uwar da ta binne 'ya'yanta a Gimi ba ta ga Ishaya Audu cikin rigar shugaban jami'a ba, kaburbura ta gani. Kuma babu mai hankalin da zai ce ɗaukakar jika ta biya diyyar waɗancan yara. Abin da tarihi ya nuna mana shi ne mutuwa da ƙudan tsando ba su ne suka yi maganar ƙarshe ba. Dalilin da ya sa aka bi ta wannan hanya mai ƙaya, wannan yana wurin Mai shi.

Mu ma a nan Dutse muna da namu. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, garin ya fara cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, majami'u suka ƙaru, har ɗarikar Angilikan ta kafa dayosis ɗinta na Dutse a 1996. Shekara goma bayan haka, a watan Satumba na 2006, tarzoma ta ɓarke, aka ƙona majami'u fiye da goma, har da babbar majami'ar St. Peter. Waɗanda suka ga ranar ba sa son tuna ta, kuma ban ɗauko ta don in tayar da tsohon miki ba. Na ɗauko ta ne domin akwai waɗanda suka tsaya a kan toka suka yi sujada, ba su da amsar "me ya sa", ba su kuma ɗauki makami ba. Suka share wuri, suka sake aza tubali. Yau da Kirista da Musulmi layi ɗaya muke bi a asibiti, kasuwar Shuwarin ɗaya muke ci, 'ya'yanmu suna zama aji ɗaya a Jami'ar Tarayya da aka buɗe a garin nan a 2011. An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Mu da muke zaune a garin da sunansa ke nan, ya kamata mu fi kowa sanin tsawon wannan girki.

Yanzu bari in juyo kan wani kuskure da yake cin mu ta ɗaya gefen. Daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasar man da ke malala, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasa rayukansu, yawancinsu matasa. Jihar nan gaba ɗaya ta yi kuka. A damina ta 2022 kuwa, ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Miga da Jahun da sauran garuruwan bakin kogin Haɗeja. A irin waɗannan ranaku kalma ɗaya ce ke fitowa daga bakin kowa: haka Allah ya so. In mai makoki ne ya faɗa don ya samu abin jingina, ba ni da ta cewa. Amma idan wanda aka ɗora wa alhakin gyaran hanya ne ya faɗa, ko mai motar da bai duba birki ba, ko wanda ya kamata ya yashe kachalar da ta toshe hanyar ruwa, ko mu iyaye da ba mu taɓa zaunar da yaranmu mun ce musu in tanka ta faɗi ku gudu ba, to wannan ba dogara ga Allah ba ce. Ɓuya ce a bayan sunansa. Talauci da tsadar mai su suka tura samarin nan bakin kwata da daddare, kuma talauci yana da iyaye a cikinmu. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Wanda ya ƙi gina rumbu ba shi da bakin cewa yana bin sawun Yusufu.

Akwai kuma masu saurin yanke hukunci, waɗanda da an ji masifa sai su ce alhaki ne ya kama mutane. Ubangiji Yesu ya rufe wannan ƙofa. A Luka babi na 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo ta kashe, ya ce kada kowa ya ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. A Yohanna babi na 9 almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa. Ya ce ba ko ɗaya, ya tsaya ya buɗe masa ido. Su suna neman mai laifi, shi yana neman abin yi. A Littafin Ayuba kuwa, abokansa kwana bakwai suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki suka fara bayyana masa dalilin wahalarsa, sai suka ɓata rawarsu da tsalle, har a ƙarshen littafin Allah ya tsawata musu. Ayuba da ya yi ta kuka yana tambaya, shi Allah ya karɓa. Har littafin ya ƙare ba a gaya masa dalili ba. An dai nuna masa Wanda yake magana da shi, kuma hakan ya ishe shi.

Wani lokaci kuma amsar tana ƙarƙashin ƙafarmu, idonmu ne ke kallon wani wuri. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi. Ana dasawa, rana da iska da awaki suna kashewa, har ya kusa fid da rai. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, zuciyarsa a karye, ya yi addu'a. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro irin wanda manoma ke sassabewa kowace shekara. Da ya duba ganyen da kyau, ya gane ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itacen da aka sare tun tuni, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Ashe dajin bai mutu ba, binne yake. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Da farko dariya aka yi masa. Yunwar 1984, wadda babu mai fatan a maimaita ta, ita ce ta sa manoma da yawa suka gwada dabarar, domin an haɗa ta da rabon abinci. Manoman Maraɗi da Damagaram suka karɓe ta suka mai da ita tasu, har masana suka ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 sun farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Ya roƙi Allah daji, aka ba shi ido.

To, in ba mu san dalili ba, a kan me muke tsaye? Kirista ba ya dogara ga Allah don ya gane lissafinsa. Yana dogara ne don ya san halinsa, kuma inda ya san halin nan shi ne a kan gicciye. Ranar Juma'ar da aka kashe Yesu, babu almajiri ko ɗaya da ya ga wani shiri a ciki. Cin amana suka gani, da shari'ar zalunci, da gawa. Ranar Asabar suka wuni cikin tsoro. Sai ran Lahadi da asuba aka tarar da kabari a buɗe. Mafi munin abin da hannun ɗan Adam ya aikata, ta nan ceto ya ɓullo. Shi ya sa Manzo Bulus, a babi na 8 na wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya iya tabbatar wa masu ƙaunar Allah cewa yana sarrafa al'amura duka su ƙare da alheri a gare su. Ku lura, bai ce kowane al'amari alheri ne ba. Mutuwar yarinya ba alheri ba ce. Yesu da kansa ya yi hawaye a bakin kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Yawancin rayuwarmu a ranar Asabar ɗin nan muke yin ta, Juma'a ta wuce da ciwonta, Lahadi ba ta iso ba. Allahn da muke jira kuwa ba daga nesa yake kallo ba, ya ɗanɗani zafin da kansa.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kai ne ke cikin rijiya yau, ko takardar kammala karatu ta shekara biyar a akwati babu aiki, ko aure ya daɗe babu haihuwa, ko ruwa ya cinye gonar da ka ci bashi ka noma, ba laifi ba ne ka yi kuka, ba laifi ba ne ka tambayi Allah. Littafin Zabura cike yake da masu tambaya. Ka faɗa masa komai, sannan gobe ka tashi ka ɗauki fartanyarka. In kuma maƙwabcinka ne ke ciki, ka rage wa'azi ka ƙara zama. Kai masa kwanon tuwo. Biya wa ɗansa kuɗin makaranta in kana da hali. Ka raka matarsa asibiti kafin zazzaɓi ya kwana uku. Sau da yawa tanadin da mutum yake roƙo a ɗakinsa da dare, a aljihun maƙwabcinsa Allah ya ajiye shi, kuma ba a tambayar addinin mai jin yunwa kafin a miƙa masa kwano.

Matar nan da na ba ku labarinta da farko, na sake ganinta bayan wata biyu. Tana cikin 'yan zumunta, sun je gaida wata maƙwabciyarsu da ita ma ta yi rashi. Ban ji ta yi dogon bayani ba. Ta ajiye ƙullin gari a gefe, ta zauna kusa da matar, ta riƙe hannunta. Har yau ba ta san dalilin da ya sa aka ɗauke mata 'ya ba, mai yiwuwa kuma ba za ta sani ba sai ranar da za ta ga Ubangiji ido da ido. Amma tana shuka a gindin gawo.

In kun fito yau kuna hanyar majami'a, ko kuna hanyar gona, kuka ga itacen nan, ku ɗan tsaya ku dube shi. In ya yi ganye, ku gode. In tsirara yake, ku tuna saiwarsa tana aiki a inda ido ba ya kaiwa.

A nan za mu dasa aya. Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki, ya warkar da marasa lafiya, ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya zaunar da Jigawa da Nijeriya lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.